Shinge a kan ɗanyen fenti: yadda dare ɗaya ke mayar da mai mota baya a Salaga

Ranar da ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a Salaga, kusan kowa murna yake yi. Manomin doya ya samu abin da yake jira, mata sun jera robobi da baho a ƙarƙashin indararo, zafin watan Maris ya karye. Da magariba ta yi, yara su fito da kwanon ruwa su yi cincirindo a gindin fitila suna kamun shinge. Mutum ɗaya ne a gari ba ya cikin wannan murna: mai fentin mota da ya fesa shafin ƙarshe bayan la'asar. Shi kam yana tsaye ne hannu a ka, yana kallon aikin mako biyu yana zama tarkon ƙwari.

Wanda bai taɓa zuba kuɗinsa a mota ba zai ce ai ƙaramin abu ne, ƙwaro ya faɗa fenti, a cire shi mana. To je ka tambayi direban da ya ci bashi ya sayi tsohuwar motar kaya, ya yanke mata tagogi, ya jera mata kujeru, yana ƙirga ranar da za ta fara lodi. A wurinsa fenti shi ne mataki na ƙarshe kafin mota ta fara dawo da abin da ta ci. In ya lalace, kuɗin gwangwani ya tafi, kwanaki sun tafi, kuma mai bin bashi ba ruwansa da shinge.

Motar da aka haifa ba taga

Da yawa daga cikin motocin da ke ɗaukar mu daga Salaga zuwa Tamale, ko Bimbilla, ko bakin ruwa a Makango, ba don mutane aka ƙera su ba. Motocin kaya ne da suka gama aikinsu a Turai, suna rarraba burodi ko kayan gini, aka sauke su a tashar jiragen ruwa ta Tema. A da Benz 207 ce ke tashe. Daga baya Sprinter, wadda kamfanin Mercedes ya fara fitarwa a 1995, ta karɓe hanya. Tana zuwa ne kamar akwati, kujera biyu ko uku a gaba, baya kuwa ƙarfe ne rufe ruf. Sai an kai ta hannun masu sana'a, galibi a Magazin ta Suame da ke Kumasi, ko Kokompe a Ankara, ko garejojin Tamale, kafin ta zama motar da tsohuwa za ta shiga da buhun garinta.

Wannan sana'a ta fi Sprinter tsufa nesa ba kusa ba. Dattawan zango suna tuna Bedford mai bodin katako, wadda kai da ƙashin bayanta kaɗai ake shigowa da su, kafintoci su gina sauran a nan gida, mai rubutu ya ƙawata goshinta da karin magana ko addu'a. A wancan zamani babbar hanyar arewa ta nan take bi: daga Kumasi zuwa Ejura da Atebubu, a haye ruwa a Yeji, a ratsa Salaga a nufi Tamale. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965 tafki ya cika, ƙetarawa ta yi nisa, manyan motoci suka koma hanyar Kintampo da Buipe. Garin da fatake suka sani tun zamanin ayarin goro ya koma gefe. Abin da ya bar mana shi ne dogaro da ƙananan motocin nan da aka sauya wa halitta, da hanyoyin da ke jijjiga su har walda ta saki.

Aikin sauyawar yana da matakai. Mai walda ya yanke gefe ya buɗe gurbin tagogi, a dasa ƙafafun kujeru a ƙasa, a ɗora kariya a sama, a manna tsani a baya. Duk inda injin yanka ya bi, duk inda wutar walda ta taɓa, an bar ƙarfe tsirara. Rigar da kamfani ya sa wa motar don kare ta daga tsatsa ta ƙone a wurin. Shi ya sa fenti a irin wannan mota ya wuce ado. In bakin tagar da aka yanke bai samu shafi mai kyau ba, damina biyu ta isa ka ga jan ruwa yana gangarowa daga ƙarƙashin gilashi, ta uku roba ta saki, ruwa ya fara jiƙa fasinjan da ke gefen taga. Tsatsar da ta kama gindin kujera kuwa ba maganar kyan gani ba ce, maganar rai ce ranar da aka taka birki da ƙarfi. Kuma motar haya a ƙasar nan sau biyu a shekara take zuwa gaban hukumar DVLA don takardar lafiyar hanya, ban da shigar da sauyin jiki da na launi a takardunta.

Yawancin masu mota kuɗinsu yana ƙarewa ne daidai nan. An biya walda, an biya gilashi, an biya mai ɗinkin kujera, aljihu ya yi fayau. Sai a ce bari a kawo ta gida, mai fentin unguwa zai yi da rangwame, ya kuma yi haƙuri da ragowar kuɗinsa har mota ta fara aiki. Mai fentin unguwa ya iya aikinsa, ba a nan matsalar take ba. Abin da ba shi da shi shi ne ɗaki. Garejinsa inuwar dalbejiya ce ko mangwaro, ko rumfar kwano mai buɗe ta ko'ina, da injin iska ɗaya, da bindigar fesawa, da yara biyu ko uku masu gurza.

Abin da ya faru a unguwarmu

Wani direba a unguwarmu, mutum mai iyali da ya shekara goma sha yana tuƙa motar wasu, ya samu wani ɗan kasuwa ya saya masa Sprinter a kan tsarin nan na yi aiki ka biya: kowane mako ya kawo adadi kaza, in ya cika mota ta zama tasa. Aka yi walda da kujeru a Kumasi, aka kawo ta gida don fenti. Lokacin azumi ya yi nisa, burinsa kawai motar ta fito kafin Sallah, domin kowa ya san a makon Sallah ne direba ke samun abin da ba ya samu a wata guda.

Yara suka kwashe kwanaki suna cike lotsattsun wurare da foti, suna gurzawa da sanfefa, aka fesa shafin ƙasa, aka sake gurzawa. Ranar da za a yi shafin ƙarshe wuta ta ɗauke tun da safe, ba ta dawo ba sai bayan la'asar. Daren jiya kuma an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mai fenti ya so a bari sai gobe. Mai mota ya yi ta magiya, irin wadda duk mai sana'a ya sani: Masta, don Allah ka taimaka, saura kwana biyar, ga mai rubutu yana jira, ga gilashi ba a mayar ba. Masta ya duba sama, ya duba mutumin da suke sallah a sahu ɗaya, ya ɗauki bindiga. Duhu ya riske su a gefe na biyu, aka jawo waya aka rataya farin ƙwan fitila a reshe, daidai saman motar.

Ba a yi rabin sa'a ba shinge ya taso. Na ga motar washegari a hanyata ta zuwa makaranta. Rufin da gefen da ke fuskantar fitila sun zama kamar an barbaɗa musu ƙaiƙayi. Fukafukai sun kwanta a cikin fentin, wasu rabi a ciki rabi a waje. Inda ƙwaro ya faɗa da ransa ya yi ta jan jiki, ya bar layi kamar sawun tsutsa a laka. Mafi muni shi ne inda wani yaro, don son taimako, ya sa yatsa da tsumma yana cirewa. Nan fentin ya tattare ya yi tudu da kwari.

Kwana tara aka ƙara. Dole a jira fentin ya bushe har ciki kafin sanfefa ta iya cinsa, a gurje, a sake sayen fenti da tina, a sake fesawa. Sallah ta zo ta wuce motar tana gindin bishiya ba gilashi.

Me ke kawo su?

Masu fenti da yawa sun yi imani warin tina ne ke kiran ƙwari, wasu ma har su ce sammu ne ko bakin mutane. Amma abin da ido ke gani a irin wannan dare ya isa bayani, kuma yaran da ke kamun shinge sun fi kowa saninsa.

Shinge 'ya'yan gara ne masu fukafukai, sarakuna da sarauniyoyin gobe. Suna zaune cikin suri suna jiran ƙasa ta jiƙa. In ruwa mai ƙarfi ya sauka a farkon damina, wanda a wajenmu yakan kama daga Afrilu zuwa Mayu, sai su fito dubbai a lokaci guda da almuru, su yi ɗan tashi kaɗan, su sauka, su karya fukafukansu, namiji ya bi mace su nemi ramin da za su kafa sabon gida. Tashin na ɗan lokaci ne, amma in ya dace da ɗanyen fenti ya gama da shi. Kuma ɓarnar ba ta ƙarewa a daren. Fukafukan da suka zubar ba su da nauyi ko kaɗan, suna nan kwance a ƙasa da kan rumfa da cikin ganye. Mai fentin da ya ce to bari in yi da safe, bai share bai yayyafa ruwa ba, iskar bindigarsa ce da kanta za ta tashe su ta liƙa masa a jikin mota.

Batun fitila kuwa, an daɗe ana cewa ƙwari son haske suke yi, ko sun ɗauka wata ne. A watan Janairun 2024 wasu masana, ciki har da na Kwalejin Imperial da ke Landan, suka wallafa binciken da suka yi da kyamarori masu saurin ɗauka. Suka ga ƙwaro ba kai tsaye yake nufar fitila ba. Bayansa yake juya mata. A duniyar da ba lantarki, sama ita ce wuri mafi haske ko da dare, don haka juya baya ga haske shi ke gaya masa ina ne sama, ina ne ƙasa. In ya zo kusa da ƙwan fitila sai lissafin ya rikice, ya yi ta kewaya ta, in ya bi ta samanta ya kife ya faɗo. Ka ga ke nan fitilar da aka rataya a saman mota ruwan ƙwari take yi mata. In kuma motar fara ce, kamar yadda yawancin Sprinter suke, jikinta yana mayar da hasken, ita kanta ta zama wata fitilar mai tsawon mita shida ko fiye.

Da rana wata rigimar ce daban, kuma ta fi shafar masu son launi mai duhu. Ƙwarin ruwa, irin su mazari da ƙananan ƙwaron nan masu kama da sauro amma ba sa cizo, suna gane ruwa ne ta yadda haske ke tashi daga shimfiɗaɗɗen fuskarsa. Duk abin da yake sumul, mai sheƙi, mai duhu, haka yake mayar da haske, sai su ɗauka tafki ne. Masana a ƙasar Hungary, Gábor Horváth da György Kriska da abokan aikinsu, sun gwada wannan a bakin wata fadama, suka fitar da sakamakon a 2006. Sun shimfiɗa ledoji masu sheƙi launi huɗu, baƙi da ja da rawaya da fari. Ja da baƙi suka kwashe mafi yawan ƙwarin ruwa, fari da rawaya kaɗan suka samu. A Brazil kuma, masana sinadarai a Jami'ar Sao Paulo sun nuna tun wajen 2000 cewa ƙwan da mazari ke zubawa a kan mota, in rana ta gasa ƙarfen sosai, yana fitar da sinadari mai cin fenti ko da ya daɗe da bushewa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Salaga tana tsakanin ruwaye ne, ga tafkin Volta ta wajen Makango, ga kogin Daka ta gabas, ga rijiyoyi da kududdufai da garin ya yi suna da su. Mai fenti a nan, in zai fesa jan layi ko shuɗi mai duhu a rufi da bonet, yana gayyatar baƙin da abokin sana'arsa na Bawku, inda ƙasa ta fi bushewa, ba lalle ya gan su da yawa haka ba. Shi kuma na Bawku da na Yendi nasu ciwon kan ƙurar hunturu ce, wadda daga Disamba zuwa Fabrairu take sauka a kan ɗanyen fenti ta bar shi da kaushi kamar bayan kada. Mu ma ba ta ƙyale mu ba. Mai fenti a arewa tsakanin maƙiya biyu yake zaune, rani ƙura, damina ƙwari.

Minti nawa fenti ke ɗanye?

Duk rigimar a kan ɗan lokacin nan ne da fuskar fenti take danƙo. Tsawonsa kuwa ya danganta da irin fentin da aljihu ya iya saya. Akwai mai saurin bushewa wanda masu sana'a ke kira selulos, cikin 'yan mintuna ya daina kama abu, sai dai ba ya jure rana kamar sauran. Akwai mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa sinadarin taurarawa, shi yakan ɗauki kamar rabin sa'a ko ƙasa da haka a zafinmu kafin ƙura ta daina manne masa, ya fi ƙarko, ya fi tsada. Sai fentin mai, mafi araha, wanda yakan yi sa'o'i yana danƙo, balle in iska ta yi laima bayan ruwa. Abin takaicin a nan yake. Mai motar da kuɗinsa ya ƙare shi ne zai sayi mai arahar, shi ne kuma zai matsa a yi da yamma. Talaka ya sayi fentin da ya fi daɗewa a buɗe, ya shafa shi a sa'ar da ƙwari suka fi yawa.

Tsofaffin hannu a sana'ar suna da ƙa'idojinsu, ko da ba a rubuce suke ba. Shafin ƙarshe da hantsi ake yi, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta take ƙarfe ya yi zafin da fenti zai bushe tun bai kwanta ba. Ba a yi washegarin babban ruwa sai an share fili an jiƙa ƙasa. Ba a yi a gindin mangwaro lokacin da yake fure ko 'ya'ya suke nuna, domin ƙuda da zuma da rina suna wurin, ga abin da ke ɗigowa daga ganye. In dole ta sa aka kai dare, fitila ba ta zama a saman mota. Ana kai mai ƙarfin can nesa, a ajiye baho da ruwa a ƙarƙashinta, daidai yadda yara ke yi, ta janye rundunar. Kusa da aiki a bar ƙwai mai launin rawaya a gefe, domin farin haske mai ratsin shuɗi ya fi ruɗa ƙwari.

Mafi amfani duka shi ne labule. Manyan kamfanoni suna da ɗakin fesawa mai tace iska da gasa fenti, wanda mai gareji a Salaga ba zai iya ko mafarkinsa ba. Amma katako huɗu, da leda a sama, da raga mai ƙananan ido a gefe, ba su kai kuɗin sake fentin mota ɗaya ba. Wasu kan ɗinke tsofaffin gidajen sauro su zagaye rumfa da su. Dabara ce mai kyau in da gaske tsofaffi ne da suka gama aiki. In kuwa sabon da ma'aikatan lafiya suka raba ne aka cire daga kan gadon yara aka kai gareji, an ceci mota an miƙa yaro ga zazzaɓi. Kuma a rufe da leda ta ko'ina ba tare da mafitar iska ba wani haɗarin ne, zan zo kansa.

Akwai abubuwa biyu da na ga ana yi waɗanda gara a bar ƙwarin da a yi su. Na farko fesa maganin sauro na gwangwani a kusa da mota. Maganin yana da maiƙo, in feshinsa ya sauka a ƙarfe fenti ba zai kama wurin ba, sai ya buɗe ƙananan ramuka kamar idon kifi. Na biyu kunna maganin sauro na hayaƙi, ko tara ganye a cinna wuta don kore su. Tururin tina da wuta ba sa haɗuwa, tartsatsi ɗaya ya ishe su.

In kuma ƙwaro ya riga ya faɗa, haƙuri ne magani. In ɗaya ne ko biyu kuma fentin yana jiƙe sharaf, ana iya ɗaga shi da bakin allura ko ɗan hantsaki, fentin ya koma ya rufe. In ya fara kamawa, a bar shi. Bayan ya bushe sarai sai a bi wurin da sanfefa mai laushi, lamba 1500 ko 2000, da ruwa, a goge da man sheƙi. Sau da yawa ba mai gane an taɓa samun wani abu a wurin. Yatsa da tsumma su ne ke mayar da aikin sa'a ɗaya ya zama na mako.

Wa zai biya?

A nan ne zumunci ke tsinkewa. Mai mota ya ce na ba ka mota da kayan aiki, ka lalata. Mai fenti ya ce ni na ce a bari, kai ka matsa, kuma ba ni na halicci shinge ba. Ba takarda, ba shaida sai yaran gareji, su kuma ba za su yi magana a kan mastansu ba.

Malamanmu na zaure ba baƙi ba ne ga irin wannan shari'a. A mazhabar Malikiyya, wadda da ita aka san zangunanmu, akwai babin lamunin masu sana'a, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta kansa. Asalin hukuncin shi ne mai sana'ar da ya buɗe shago don jama'a, aka ba shi kaya ya tafi da su wurinsa, shi ke da alhakin abin da ya lalace a hannunsa, sai in an samu shaida cewa ba sakacinsa ba ne. An tsananta haka ne don kare dukiyar mutane. Yadda za a ɗora wannan a kan shinge da injin iska aikin malamai ne, ba na malamin makarantar boko ba. Amma a nawa ganin, mai fenti shi ne masanin aikin. In ya san fesawa da magariba bayan ruwa ganganci ne, kunyar maƙwabci ba hujja ba ce, ya ce a'a ya ajiye bindiga. In kuma mai mota ya nace, to a kira mutum biyu su ji da kunnensu cewa shi ya ɗauki kasadar. Minti biyu ne.

A rigimar unguwarmu dattawa ne suka shiga bayan sallar isha'i. Aka yanke mai mota ya sake sayen fenti da tina, mai fenti ya sake aikin ba ladan hannu. Kowa ya tashi yana ganin an cuce shi kaɗan, wanda galibi alama ce sulhun ya yi daidai. Ɗan kasuwar da ya sayi motar ya ɗaga wa direban ƙafa na mako ɗaya, na biyun kuwa sai da ya ranto ya cika.

Waɗanda ba a sa su a lissafin ba su ne yaran. Su suka sake gurje motar tun daga rufi har ƙasa, ba ko sisi, domin ɗan koyo ba ya da albashi sai kuɗin abinci. Biyu daga cikinsu na koyar da su a aji. Suna gurza ba abin rufe hanci, in an zo fesawa su ɗaura tsumma. Sinadarin taurarawar da ke cikin fenti mai haɗi biyu sananne ne wajen jawo asma ga masu fesawa, kuma tsumma ba ya tare shi, haka ma ƙyallen rufe hancin da muka saba da shi lokacin korona. Abin rufe fuska na masu fenti, mai matatar da ake sauyawa, shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a samu, tare da iska mai ratsawa. Gwangwanin madarar da ake ba yaro ya sha bayan aiki wai ya wanke ƙirji, cikinsa yake zuwa, ba ya bi ta huhu. Duk motar da ƙwari suka sa aka sake, yaran nan sun shaƙi rabonsu sau biyu ke nan. Wanda zai kafa labule don tare shinge, ya tuna raga ta fi leda a gefe, saboda su.

Akwai kuma lissafin kalanda da ya kamata direbobi da shugabannin tasha na GPRTU su riƙa yi. Gaggawar fitar da mota kusan kullum ta Sallah ce, watannin Musulunci kuma suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. A 2023 da 2024 ƙaramar Sallah ta faɗo a Afrilu, daidai bakin ruwan farko. A 2024 da 2025 babbar Sallah ta zo a Yuni, daga nan kuma sai Mayu, sai Afrilu. Wato shekaru da dama masu zuwa, makonnin da kowa zai so motarsa ta fito tana ƙyalli don jigilar raguna da masu zuwa gida su ne makonnin da suri ke buɗe baki. Masu fenti da suka daɗe a garin nan sun fi son ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai kankama ba, sai kuma ɗan tsakanin da ke biyo bayan hunturu kafin hadari ya fara haɗuwa. Mai niyyar yanka wa motarsa taga don babbar Sallah, tun Fabrairu ya kamata ta bar hannun mai walda.